DAGA ƘOFAR WAMBAI ZUWA TAFIN HANNU: Yadda wayar salula ta juya akalar fim ɗin Hausa

Duk wanda ya san kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a farkon shekarun 2000, ya san yadda wajen yake cika ya batse ranar da za a saki sabon fim. Tun da hantsi dillalai sun iso daga Zariya, Jos, Sakkwato, Maiduguri, har da Maraɗi da Damagaram. Katan-katan na kaset ake ɗaurewa ana jibgawa a mota, fosta na manne a ko'ina, rediyo kuma na ta kwarara tallar fim ɗin. A lokacin, furodusa yana iya sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kafin La'asar ta yi, daga yawan kwalin da ya fita.

To, yau fa? Shiga Adaidaita Sahu ka duba matashin da ke gefenka. Kansa a sunkuye, abin ji toshe a kunne, yana murmushi shi kaɗai. Leƙa ka gani: sabon fitowar wani shiri mai dogon zango yake kallo, wanda aka ɗora daren jiya. Bai je kasuwa ba, bai sayi faifai ba, bai kuma jira NEPA ta kawo wuta ba. Kasuwar da a da ake cinkoso a cikinta, yanzu ta shige aljihunsa. Shin yaya aka yi aka zo nan, kuma wa ya ci riba, wa ya faɗi?

LOKACIN DA LAYI YA FI ALBASHI TSADA

Idan ba a manta ba, a watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agustan wannan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Kafin sannan layukan tangarahon NITEL da ke aiki a faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma sai gidan wane da wane.

Sai dai fa abin bai zo da sauƙi ba. Layi kaɗai, ban da waya, ana sayensa naira dubu ashirin ko fiye, a daidai lokacin da mafi ƙarancin albashi bai kai dubu goma ba. Kira kuwa naira hamsin ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Wannan ne ya haifar da sana'ar masu zama gindin laima da waya a kan tebur, da kuma ɗabi'ar filashin da har yau ba ta mutu ba. Sai a 2003 da Glo ya shigo da lissafin sakan-sakan, sannan talaka ya ɗan sarara. Shi kuwa Econet ya yi ta sauya suna kamar hawainiya: Vmobile, Celtel, Zain, kafin ya tsaya a Airtel a 2010.

A wancan zamanin, ɗan wasa ya fito da Nokia 3310 a lokeshin ba ƙaramin abin magana ba ne. A cikin finafinan ma, idan ana so a nuna Alhaji mai kuɗi ne ko saurayi ɗan gata ne, sai a sa shi ya zaro waya daga aljihun babbar riga, kyamara ta matso kusa da ita. Daga baya Nokia 1100 mai tocila ta fito a 2003, ta zama abokiyar dare a ƙasar da wuta ba ta zama. An sayar da sama da guda miliyan 250 na wannan ƙaramar waya a duniya. Wani abin sha'awa ma, lokacin da kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya sanar da sayar da wayarsa ta cikon biliyan ɗaya a 2005, Nokia 1100 ce, kuma a Nijeriya aka saye ta.

BULUTUT DA MEMORI

Da waya ta samu kyamara da katin memori, sai lamari ya fara sauya salo. Wayoyin Chana masu layi biyu da lasifika kamar ta masallaci suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. Waƙoƙin fim suka fara yawo ta Bulutut daga wannan waya zuwa waccan, tun kafin fim ɗin ya shiga kasuwa. Da farko 'yan fim sun ɗauki abin a matsayin talla ta kyauta.

Shekarar 2007 ce ta nuna musu ɗaya fuskar wayar. Wani ɗan gajeren bidiyo na sirri, wanda aka ɗauka da wayar hannu kuma ya shafi wata 'yar wasa, ya ɓulla ya bazu cikin 'yan kwanaki. Babu kaset, babu dillali, daga hannu zuwa hannu kawai. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: gari ya ɗauki zafi, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai ta tsaurara dokoki, wasu 'yan fim suka tattara suka koma Kaduna da wasu garuruwan. Ɗaruruwan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, irin su masu haska fitila, masu kwalliya, direbobi da masu dafa abincin lokeshin, suka rasa hanyar cin abinci. Tun daga lokacin masana'antar ta gane cewa abin da ya shiga waya ya fita daga hannun mai shi.

Bugu na biyu kuma a aljihu ya sauka. Shagunan 'yan dawunlodin suka tsiro a kowane lungu: matashi ɗaya, kwamfuta ɗaya, ɗan janareta. A sayi faifai guda, a juye shi a kwamfuta, a matse shi ya dawo 3GP ko MP4, a riƙa tura wa jama'a a kan kuɗin da bai kai na lemon kwalba ba. Wanda aka tura wa shi ma ya tura wa abokansa goma, musamman bayan da Xender ta zo ta sa turawar ta koma ta 'yan daƙiƙoƙi. Ga kuma finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, waɗanda su ma ta wannan hanya suka mamaye gari. Furodusan da ya ci bashi ya yi fim, sai ya wayi gari kowa ya kalli fim ɗinsa amma kwalayensa na jibge a shago. An yi kame, an yi zama, an yi yarjejeniya da ƙungiyoyin masu turawar, amma tsugune ba ta ƙare ba. Kafin ƙarshen shekarun 2010, kasuwar faifai ta riga ta kwanta dama, manyan 'yan kasuwar fim da dama sun sauya sana'a.

MANYA SUN FAƊI, ƘANANA SUN TASHI

A daidai lokacin da ake wannan dambarwa a Kano, can a ƙasashen masu ƙera wayar ma ana wani juyin. A Janairun 2007 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na Amurka, ya fito da iPhone, waya marar maɓallai wadda ake shafa fuskarta. A 2008 wayar farko mai amfani da Android na kamfanin Google ta shiga kasuwa. Nokia, wadda ta yi shekaru tana sarauta, ta yi jinkirin gane cewa kiɗa ya sauya. A 2014 ta kammala sayar da sashen wayoyinta ga Microsoft. BlackBerry ta ƙasar Kanada, wadda a wani lokaci budurwa ba ta cika 'yar gayu ba sai tana da lambar BBM, ta daina ƙera waya da kanta a 2016, sannan a Janairun 2022 ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta baki ɗaya.

Amma wanda ya fi kowa cin moriyar kasuwar Afirka, kamfani ne da matasa da yawa ba su ma san sunansa ba, alhali wayarsa ce a hannunsu. Sunansa Transsion, hedikwatarsa na birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma wani mai suna Zhu Zhaojiang ne ya kafa shi a 2006. Shi ne mai Tecno, shi ne mai Itel, shi ne kuma mai Infinix. Wato idan abokai uku suna gardamar wace ta fi a cikin ukun nan, kuɗinsu dai asusu ɗaya ya shiga.

Dabarar kamfanin ba wata boyayya ba ce: ya zauna ya kalli yadda mutumin Afirka yake rayuwa. Ya ga mutane na yawo da waya biyu ko uku saboda sabis ba shi da tabbas kuma kiran wani layin ya fi tsada, sai ya yi mai layi biyu. Ya ga wuta ba ta samuwa, sai ya yi batir mai jimiri. Ya ga kyamarorin sauran wayoyi ba sa fito da baƙar fata yadda ya kamata, musamman da daddare, sai ya gyara tasa ta dace da fuskar baƙin mutum. Ya sa harsunan gida a ciki, har da Hausa. Ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011, ya kuma baza shagunan gyara na Carlcare. Sakamakon haka, a 'yan shekarun nan kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne, kuma a 2023 ya shiga sahun kamfanoni biyar mafiya sayar da waya a duniya, tare da Apple, Samsung, Xiaomi da Oppo.

Me ya haɗa wannan da fim? Ai shi ne ginshiƙin maganar. Da a ce babbar waya ta tsaya a hannun masu kuɗi kawai, da babu masu kallon da za su riƙe YouTube ɗin Hausa. Wayar mai araha ce ta kai allon kallo ɗakin matar aure a ƙauye, da shagon tela, da hannun ɗan acaɓa.

WAYAR DA TA KASHE, ITA TA RAYA

Tashar Arewa24 da ta buɗe a 2014 ta fara sabar wa jama'a da shiri mai dogon zango, irin su 'Daɗin Kowa' da 'Kwana Casa'in'. Amma 2020, shekarar kullen korona, ita ce ta raba gardama. Mutane na zaune a gida, waya a hannu. A shekarar ne 'Izzar So' na Lawan Ahmad ya fara fita a tashar Bakori TV ta YouTube, ya riƙa tara masu kallo ta yadda ba a saba gani ba. 'Labarina' na darakta Aminu Saira shi ma a shekarar ya fito, ya zama abin hira a majalisu da gidajen biki. Ganin haka sai kowa ya karkata can. Furodusoshin da suka jingine sana'a suka dawo suka buɗe tasha.

Yadda kuɗin ke shigowa ya sha bamban da na zamanin kaset. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya cika sharuɗɗa, waɗanda suka haɗa da mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo cikin shekara. Daga nan tallar da ke katse maka kallo, wadda kake ƙosawa ka tsallake, ita ce abincin furodusa. Da dala ake lissafin, kuma ba kowane kallo ne farashinsa ɗaya ba: mai kallo daga Saudiyya, Ingila ko Amurka ya fi kawo kuɗi a kan na gida, domin masu talla a can sun fi biya. Shi ya sa Hausawa mazauna ƙetare suka zama masu daraja a wajen masu tasha, shi ya sa kuma ake ƙoƙarin sa fassarar Turanci a ƙasan allo. Ragowar gibin kuma ana cike shi da tallar 'yan kasuwa a cikin shirin kansa: mai maganin gargajiya, mai sayar da filaye, mai atamfa da leshi.

Wannan tsari ya sauya har yadda ake rubuta labari. A da fim kashi ɗaya da biyu ne, an gama. Yanzu dole kowane mako a yanke shirin a inda zai hana mai kallo barci, domin ya dawo mako mai zuwa. Masu kallo kuma sun samu baki: suna rubuta ra'ayinsu a ƙasan bidiyo tun kafin a gama ɗaukar zango na gaba. Darakta kan fi son ɗaukar fuska kusa-kusa, saboda ya san a ƙaramin allo za a kalla. Sai dai masu ƙorafi ma suna da hujja: wasu shirye-shiryen ana jan su kamar roba, abin da za a faɗa a fitowa uku sai a kai shi goma don a tara awannin kallo.

Ita ma hukuma ta biyo sawu. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, ciki har da manya-manyan da aka fi kallo, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Wato rigimar da a da ake yi a kan kaset, yanzu a kan abin da ke cikin waya ake yin ta.

KYAMARAR DA KE ALJIHUNKA

Wani abin da ya kamata matashi mai sha'awar fim ya lura da shi shi ne, wayar ta wuce abin kallo kawai. A 2015 wani darakta Ba'amurke, Sean Baker, ya fito da fim ɗinsa 'Tangerine' wanda ya ɗauka da iPhone 5s. Shekara goma bayan haka, a 2025, shi ne ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon darakta da wani fim ɗin nasa mai suna 'Anora'. Steven Soderbergh ya ɗauki 'Unsane', wanda ya fito a 2018, da iPhone 7 Plus. Danny Boyle na Ingila, wanda ya ɗauki mafi yawan '28 Days Later' na 2002 da ƙaramar kyamarar kaset irin wadda aka saba gani a lokeshin ɗin Kano, ya dawo a 2025 da '28 Years Later' wanda ya ɗauka da iPhone 15 Pro Max, har akwai wuraren da ya jera waya ashirin suna ɗauka lokaci guda.

Ba sai an je da nisa ba ma. A Kaduna, wasu samari 'yan uwan juna da ke kiran kansu The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan almarar kimiyya da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi, da koren ƙyalle a bango, da ilimin da suka tsinta a intanet. Labarinsu ya kai har Hollywood, inda darakta J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020.

Amma a yi hattara. Waɗancan manyan daraktocin sun haɗa wayar da gilasan kyamara masu tsada, da fitilu, da ƙwararrun masu ɗaukar sauti. Mai kallo zai iya haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai jure muryar da iska ke kaɗawa ba. Kuma babu wayar da za ta rubuta maka labari mai ma'ana. Abin da ya sauya shi ne, uzurin rashin kayan aiki ya ragu ƙwarai. A da sabuwar fuska sai ta yi ta zarya ofishin furodusa tana jiran a ba ta fitowa ɗaya. Yanzu da yawa daga TikTok da Instagram ake ganinsu a kira su, har wasu furodusoshin kan duba yawan mabiyan mutum kafin su duba iya wasansa, abin da ke ci wa tsofaffin hannu tuwo a ƙwarya.

ABIN DA AKE YAYI, DA ABIN DA ALJIHU KE CEWA

A kasuwar duniya, yayin yanzu ya karkata wajen abu uku. Na farko wayoyi masu naɗewa kamar littafi: Samsung ya fito da Galaxy Fold a 2019, Tecno ya bi sahu da Phantom V Fold a 2023, sannan Huawei ya zo da mai naɗi uku a 2024. Na biyu sabis mai gudu na 5G, wanda MTN ya ƙaddamar a Nijeriya a 2022, Airtel kuma a 2023, duk da cewa har yanzu ya fi yawa a manyan birane, kuma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sandar sabis ɗaya. Na uku kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda kamfanoni suka fara cusawa cikin waya gadan-gadan tun 2024, tana goge mutum daga hoto, tana fassara magana, tana gyara murya. Ko wajen caji ma an samu sauyi: dokar Tarayyar Turai ta sa Apple ya koma bakin caja irin na kowa, wato USB-C, daga iPhone 15 a 2023.

To amma a Farm Centre wata magana ake yi daban. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuma duk wata waya daga waje take zuwa. Farashi ya ninka. Matasa da yawa sun koma sayen ta hannu, ko musanye da ciko, ko kuma lallaɓa tsohuwa da sauya gilashi da batir. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya taɓa 'yan fim kai-tsaye, domin duk wanda data ta yi wa tsada, zai koma wajen mai turawa ko ya jira aboki ya tura masa, kuma irin wannan kallon ko sisi ba ya kai wa furodusa.

Ga kuma sharrin da ke biye da alherin. Ƙwacen waya ya zama abin tsoro a titunan Kano da wasu biranen, har an rasa rayuka a kansa. Shafukan bogi da sunan jarumai sun yi yawa, ana yaudarar masoya da alƙawarin saka su a fim ko na aure, a karɓe musu kuɗi. Jarumai sun sha fitowa suna nesanta kansu da irin waɗannan shafuka. Da zuwan ƙirƙirarriyar basira kuwa, ana iya ɗora fuskar mutum ko muryarsa a kan abin da bai taɓa yi ba. Idan bidiyo ɗaya na gaskiya ya girgiza masana'antar a 2007, sai a auna ɓarnar da na ƙarya zai iya yi yanzu da kusan kowa ke riƙe da babbar waya.

Don haka, mai karatu, akwai abin da ke hannunka. Idan kana son shiri, ka kalle shi a tashar masu shi, ka bar tallar ta ɗan yi tafiya, domin da ita ake biyan jarumin da kake so da yaron da ke riƙe masa fitila. Idan aka turo maka bidiyon tonon asirin wani, ka tsaya ka yi tunani kafin ka tura gaba, ko da kuwa ya yi kama da gaskiya. Idan wani shafi ya nemi ka turo kuɗin fom don a saka ka a fim, ka bincika a ofishin kamfanin da ƙafarka. Idan kuma kana jin kana da labarin da za ka bayar, ka goge gilashin kyamarar wayarka, ka nemi abokai biyu da wuri mai haske, ka gwada. Allah Ya ba mai rabo sa'a.